Mita Shida Daga Bakin Titi

Ranar da aka shafa wa gidanmu jan fenti ba na gida. Ina shago a Ikeja ƙanwata ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce mutanen gwamnati sun zo, sun zana kuros a jikin katanga, sun manna takarda a ƙofar zaure, sun kuma sallami leburori. Duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da wannan jan kuros yake nufi, ko yaron da ke tallar ruwan leda: gini ya saɓa doka, an tsayar da aiki, ana ma iya rushe shi. Na rufe shago na hau danfo, kafin in isa Agege labari ya riga ni, har maƙwabta sun fara shigowa yi wa Hajiya jaje kamar an yi rasuwa.

Gidan na kakanmu ne. Daga Kano ya zo a jirgin ƙasa da fataucin goro, kamar yawancin tsofaffin Hausawan Agege, ya sayi filin a hannun wani dangin Yarbawa a shekarun 1950. Ginin irin na gida ya yi: zaure a bakin hanya, soro a bayansa, tsakar gida da rijiya, ɗakuna goma sha ɗaya a kewaye, da sito inda ake jera huhunan goro kafin a ɗora su a tarago. Har ya koma ga Allah Ikko yake cewa, bai taɓa cewa Legas ba. Baba ya gaje shi, ya rasu a 2020, ya bar mata biyu da mu 'ya'ya goma sha huɗu, da gida mai yoyo ta ko'ina.

Yayanmu babba, wanda ke sayar da shanu a mayankar Oko-Oba, shi ya kawo shawarar a rushe a tayar da bene, ginin ƙasa da hawa biyu a kansa: shaguna a gaba, iyali a sama, haya ta riƙa ɗaukar nauyin iyayenmu mata. Kowa ya yi na'am. Ya kira birkilan da ya yi wa abokinsa gini, aka rushe ɗakuna uku na baya, aka haƙa harsashi, aka tayar da pila takwas. Da na yi masa maganar takarda sai ya ce, "Kai ɗan boko, a duk layin nan nuna mini wanda ya nemi izini kafin ya ɗora bulo." Gaskiyarsa, ban iya nuna ko ɗaya ba. Abin da bai lissafa ba shi ne zamani ya juya. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi, mutum sama da 40 suka mutu, kuma tun daga nan idon hukuma ya buɗe a kan duk wani rodi da ya leƙo sama da katanga. Mu kuwa a farkon 2022 muka tayar da namu.

Da dare aka yi taron gida a zaure, aka ɗora mini aikin, tunda ni ne mai Turanci. Washegari na yi sammako zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, don a tunanina nan ne ake ba da izinin gini. Wani dattijon ma'aikaci ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in tanadi kuɗin motata, ba hurumin su ba ne. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, amma babu ɗaya a cikinsu da ke sa hannu a zanen gini. Wannan aikin gwamnatin jiha ne, ƙarƙashin ma'aikatar tsara birane da ke Alausa. Dokar tsara birane ta 2010, wadda aka yi wa gyara a 2019, ta raba aikin tsakanin hukumomi biyu: LASPPPA ke duba zane ta ba da izini, LASBCA kuma ke bin ginin tun daga harsashi har rufi ta tabbatar abin da aka zana shi ake ginawa. Daga baya lauyanmu ya ƙara mini da cewa ko gwamnatin tarayya sai da Legas ta kai ta Kotun Ƙoli a kan wannan iko, aka yanke hukunci a 2003 cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Jihar da ta yi shari'a da Abuja a kan abu, ba za ta bar shi ga shugaban ƙaramar hukuma ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada, kuma ba zan daɗe a kansa ba don har yau kunyarsa nake ji. Wani abokin Yaya ya kawo mana wani ɗan kamasho mai kwat da jakar hannu, ya ce mako uku ya ishe shi. Muka ba shi kuɗi sau biyu. Ya kawo takarda mai hatimi da sa hannu, kyakkyawa, har Yaya ya sa aka yi mata leda. Ta bogi ce. Lambar da ke jikinta ta wani gini ce a wata unguwa daban. Wayarsa kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba.

Wanda ya gano mana hakan wata mata ce mai sana'ar tsara birane, tana da ɗan ofishinta na kanta a Ogba. Bayarbiya ce haifaffiyar Jos, tana jin Hausa kamar jakin Kano, Madam muke ce mata. Ta juya takardar gaba da baya, ta ajiye, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, ka gode wa Allah ba ka kai wannan ofis ba, da kai za a fara tsarewa." Sannan ta tambaye ni abu ɗaya: wace shaida gare ku cewa filin naku ne?

Na yi dariya. Gidan da aka haifi mahaifina a ciki? Ta ce ofis bai san haihuwa ba, takarda ya sani.

Wannan tambayar ita ta ci mana kusan shekara. Hajiya ta jawo tsohuwar adakar Kaka daga ƙarƙashin gado, muka zazzage ta a tabarma: tasbaha, allon ƙarfe, tsofaffin rasitan jirgin ƙasa, littafin bashin goro da ajami. A can ƙasa, cikin wani ƙyalle, muka sami rasit ɗin filin, rubutun hannu da Turanci, kuɗin a fam, tunda sai 1973 naira ta zo, da dangwalen yatsu uku. A bayansa Kaka ya rubuta sunayen shaidu da ajami, duk sun riga mu gidan gaskiya. Lauya ya ɗaga takardar da yatsu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya yi mana bayanin cewa dokar filaye ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, amma wanda ya riga ya mallaki fili ya gina kafin wannan shekarar ana ɗaukarsa a matsayin mai haƙƙin zama, sai dai ya nemi a ba shi takardar shaida. Matsalarmu ita ce sunan da ke kan rasit na mamaci ne, wanda ya gaje shi ma mamaci ne, kuma tsakanin su biyun babu ko layi ɗaya a rubuce.

Malamai sun riga sun raba mana gado bisa shari'a tun bayan arba'in ɗin Baba, kowa ya san rabonsa, babu wanda ya ɗaga murya. Amma Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, don haka rabon malamai sai an sa masa rigar da ofis zai gane: takardar kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun jiha, da yardar duk magada a rubuce. Goma sha huɗu, ɗaya tana aure a Zinder, ɗaya yana tuƙin tirela tsakanin Apapa da Maiduguri, sai ka yi mako biyu ba ka same shi a waya ba.

Mafi wuya shi ne Baffa. Ƙanin Baba ne, ya koma Kano tun ina yaro, kuma shi da 'yan'uwansa mata sun bar wa Baba nasu kason gidan da fatar baki, a gaban liman, shekara arba'in da suka wuce. Na bi motar dare na je na same shi a Fagge. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin in fito da takardar rantsuwar. Ya karanta, ya cire tabarau, ya yi shiru har na fara jin zufa.

"Wato ni da na bar wa ɗan'uwana abu saboda Allah, yau sai na je gaban alƙali na rantse cewa ban yi ƙarya ba?"

"Baffa, ba mu ne ke tuhuma ba. Gwamnatin can ce ba ta san magana ba sai takarda."

"To Allah ya kyauta. Ɗauko mini hulata."

Ya sa hannu, amma bai ci abincin dare da ni ba ranar.

Ana cikin haka jikokin waɗanda suka sayar wa Kaka filin suka ji ƙishin-ƙishin ana shirin gini, sai ga su, su biyar. Omonile ke nan, wato 'ya'yan masu ƙasa da Yarbanci, duk mai gini a Legas ya san su. Akwai dokar da jihar ta kafa a 2016 don hana masu tare gini suna neman kuɗi da ƙarfi, amma lauya da kansa ya ce tunda muna buƙatar su tabbatar da tsohon cinikin, gara a bi ta lalama. Dattawan fadar Sarkin Hausawa suka shiga tsakani, aka zauna gaban Bale, mai unguwar Yarbawa, aka kai goro da abin da ya sawwaƙa, shugaban danginsu ya sa hannu. Wani tsoho a cikinsu ma ya tuna Kaka, ya ce yana yaro yakan ba shi ɗan goro ya kai wa uwarsa.

Sai safiyo. Ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku, ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, ya kai taswirar ofishin babban safiyon jiha don a duba ko filin ya faɗa cikin wuraren da gwamnati ta karɓe ko ta ware wa hanya. Wannan makonnin ban yi barcin kirki ba. Mun ga yadda gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, da sabon layin dogo suka ci gidaje da shaguna a Agege, kuma babu tsohon ɗan Legas da ya manta yadda aka rushe unguwar Maroko a 1990. Alhamdu lillahi, sakamako ya fito fili ba shi da matsala. Sai dai safiyon ya nuna mini wani abu a taswirar: dakalin zaurenmu ya shiga hanya da kusan mita ɗaya, kuma a kan lambatu yake zaune.

Ranar da Madam ta kawo zanen farko, a zauren ta shimfiɗa shi kan tabarma, ta danne kusurwoyin da kofunan shayi. Ta fara da taswirar gari. Ashe kowane yanki na Legas da tsarinsa, namu shi ne na Agege da Ifako, kuma an shafa wa kowane layi launi: nan gidajen kwana, nan kasuwanci, nan gauraye, nan masana'antu. Da layinmu ya faɗo cikin na gidajen kwana zalla, da sai mun shigar da wata buƙata daban ta sauya amfanin fili kafin a yarda da shago ko ɗaya. Mun ci sa'a, kusancinmu da babban titi ya sa an yarda da gauraye.

Daga nan ta ɗauko jan biro ta ja layi huɗu a cikin filin. Mita shida daga gaba, mita uku ta kowane gefe, mita uku ta baya. Nan ciki kaɗai za ku gina, in ji ta.

Yaya ɗan kasuwa ne, lissafi ba ya ba shi wuya. Filinmu ƙafa 50 ne a ƙafa 100, wato wajen mita 15 a mita 30. Cire uku nan uku can, faɗi ya koma tara. Cire shida da uku, tsawo ya koma ashirin da ɗaya. Ya ɗago kai ya ce, "Madam, fiye da rabin filin ubana kika ba iska."

"Alhaji, iskar ce ake so. Da hasken rana, da inda motar kashe gobara za ta raɓa, da inda masu sayayya za su ajiye mota ba a kan titi ba. In gobara ta tashi a gidan maƙwabcinka, wannan mita ukun ne zai hana ta gaishe ka."

Ta kuma soke Islamiyyar da muka so a yi a hawa na sama. Ta ce da zarar an rubuta makaranta a zane, sharuɗɗa sun canza, matakala biyu, filin wasa, ƙarin banɗakuna, kuma tun da bene ya rufta da yara 'yan makaranta a Ita Faji ranar 13 ga Maris 2019 ba wanda ke wasa da aji a saman bene. A kan wannan babu wanda ya yi musu. Hajiya da ke saurare daga soro ta ce a bar yara a ƙasa.

Ni kuwa idona na kan jan layin gaba. Zauren da muke zaune a ciki gaba ɗayansa yana cikin mita shidan nan. Na tambaya ko za a iya barinsa a gina a bayansa. Ta ce tsohon gini da ya riga doka ana iya kawar masa da kai muddin ba a taɓa shi ba, amma ranar da ka kawo sabon zane, filin duka za a duba, kuma ba mai sa hannu a zanen da ke da ɗaki a kan lambatu.

A nan ne na ɓata wata biyu a kan abin da Yaya ya kira aikin banza, ni kuwa har yau ban yarda banza ba ne. Na ji ana cewa akwai gine-ginen da doka ta hana a rushe saboda tarihi, na ce me zai hana zaurenmu. A cikinsa fataken goro daga Kano da Sakkwato da Katsina suka yi ta kwana shekara da shekaru, baƙo ya sauka daga jirgi ba shi da kowa a Ikko a nuna masa ƙofarmu. A nan aka ɗaura auren rabin layin, a nan aka raɗa mana suna, a nan muka yi karatun allo, a nan aka sasanta rigingimun da da sun kai ofishin 'yan sanda. Madam ba ta yi mini dariya ba. Ta ce hanya biyu ce: hukumar gidajen tarihi ta tarayya, wadda ke ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa, ko dokar jihar Legas ta 2011 da ke sa wurare cikin jerin waɗanda ake karewa. Ta ce amma in sani, ginin da ya shiga jerin nan, mai shi ba ya sauya masa ko taga sai da izini. Sannan ta ce in je dandalin Tinubu in ga wani wuri, in dawo mu yi magana.

Na je wata Asabar. A gefen dandalin Tinubu ne Ilojo Bar ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ginin 'yantattun bayin da suka dawo daga Barazil, mai tagogi masu baka da baranda ta ƙarfe. Tun 1956, kafin 'yancin kai, aka ayyana shi abin tarihi na ƙasa. Ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, gari ya watse hutu, katafila ta shafe shi. Takardar shekara sittin ba ta tare masa komai ba. Na tsaya ina kallon wurin, masu tallar kaya na ture ni, babu abin da zai nuna maka an taɓa yin wani abu a nan. Daga can na taka zuwa titin Martins na yi azahar a masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894, har Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya aiko wakili wajen bikin. Shi yana nan daram, kuma a ganina ba takardar hukuma ce kaɗai ta riƙe shi ba, sahun da ake cikawa sau biyar a rana ne. Mu ma a gida ba mu da bakin yi wa Legas gori. Gidan Makama na nan a Kano, amma badala fa? Ƙofar Na'isa ma a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi.

Da na kawo maganar a taron gida, Yaya ya ce, "Wato ka kai gidanmu gwamnati ta sa masa hannu, mu koma masu gadi?" Na so in yi gardama, sai na dubi zauren da idon baƙo: bulon ƙasa da aka shafe da siminti, rufin kwano mai tsatsa, azara da gara ta cinye, bango ya tsage daga sama har ƙasa. Babu wani mai zanen gini da zai tsaya ya ɗauki hotonsa. Darajarsa tana cikin abin da aka yi a ciki ne, wannan kuwa babu fom ɗin da ke da gurbin rubuta shi. Ban shigar da buƙatar ba.

Sauran aikin gajiya ce kawai. Mai zanen gini mai rajista ya buga hatiminsa, injiniya mai rajista ya yi lissafin rodi da pila ya buga nasa, aka zo da injin haƙa aka ɗebi ƙasa don gwaji saboda in aka haɗa da na ƙasa hawan ya wuce biyu. Aka nemi shaidar biyan harajin shekara uku, sai ga shi Yaya, mai sayar da shanu ashirin a mako, bai taɓa sanin ƙofar ofishin haraji ba, sai da muka je aka daidaita. Aka haɗa da rasitan harajin gida na shekara-shekara da hotunan filin, muka shigar da fayil a ofishin gunduma. Jami'ai biyu suka zo duba wuri, suka ja tef, suka leƙa rijiya. Bayan makonni aka dawo mana da zanen da gyara biyu: sokawe, wato ramin ruwan masai, ya matsi rijiya, matakala kuma ta yi ƙunci. Duka biyun gaskiya ne, shekara sittin muna shan ruwan da ke taku kaɗan da masai ba wanda ya taɓa tunani. Aka gyara aka mayar. Sai takardar kuɗi ta fito, ana lissafa ta ne bisa girman ginin da yankin da yake, a kanta kuma ga tarar fara gini ba izini. A banki muka biya, asusun gwamnati, aka ba mu rasit. Duk wanda ya ce ka ba shi a hannu ya biya maka, ka tuna da mai kwat ɗinmu.

A ƙarshen 2023 izini ya fito, kowane shafi na zanen da hatimi a jikinsa. Wata ashirin da wani abu tun ranar jan fenti. A tsakanin nan an cire tallafin mai, kuma kafin mu sayi siminti na farko a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000, abin da ya sa har yau hawa na biyu bai samu taga ba. A watan Mayun 2024 gwamnati ta buɗe ƙofar afuwa ga masu gine-ginen da aka riga aka gama ba izini, su zo su gyara takardunsu ba tara. Namu bai shiga ciki ba tunda pila takwas ba gini ba ne, amma wannan bai hana Yaya tsokanata ba duk lokacin da aka zauna cin abinci, wai da na yi haƙuri da mun sha a banza.

Akwai abu ɗaya da ya rufe masa baki, ni ma ya sanyaya mini jiki. Izinin zane ba shi ne izinin fara aiki ba, sai masu kula da gini sun ba ka takardar fara aiki, sun manna koren tambari a wurin, an yi wa ginin inshora, sannan a kowane mataki, harsashi, linta, zuba kankaren rufi, sai sun zo sun gani kafin ka wuce. Injiniyanmu ya ce kafin ya ɗora komai a kan pilolin Yaya sai an gwada su. Aka gwada. Rodin ciki mai milimita 12 ne inda zane ya ce 16, kankaren kuwa yashi ya fi siminti yawa, wani wurin da guduma kaɗan yake zubowa. A kan waɗannan ne za a ɗora hawa biyu, a sa Hajiya da jikoki a sama. Yaya ya tsaya yana kallo ana farfasa su, bai ce uffan ba, da yamma ya aika aka sayo rago aka yi sadaka.

Don haka in ana zagin masu jan fenti a majalisa, ni ba na sa baki. Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne mita shidan gaba. Na gane dalilinsa, na kuma ga amfaninsa ranar da aka yi ruwan da ya cika layin, lambatu ya wuce da shi salin-alin tunda ba dakali a kansa. Amma wanda ya tsara dokar gidan da ke bayan get ya sani, mai mota a gaba da ƙararrawa a jikin ƙofa. Gidan Bahaushe kuwa fuskarsa a kan hanya take, zaure ne ke tarbar baƙo ya kuma tsare mutuncin matan ciki. Na ce wa mai zanen ya sa mana zaure a sabon ginin, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ware ɗaki ɗaya a ƙasa kusa da matakala. Ɗaki ne mai kyau, da tayil da fanka. Ba wanda ke zama a ciki, don daga titi ba a ganinsa, mai wucewa ba zai yi sallama ya tsaya a gaisa ba.

Shi ma rushe zauren sai da aka nemi izininsa daban. Ranar da za a yi, tsofaffin layin suka yi sallar asuba suka zo suka zauna a ciki, aka dafa shayi, liman ya yi addu'a ga Kaka da Baba da duk wanda ya taɓa kwana a wurin. Ba a kawo katafila ba, leburori huɗu ne da diga, kafin azahar sun gama. Hajiya ta sa aka cire ƙyauren, wani katako mai nauyi da ƙusoshi masu faɗin kai, aka kai mata ɗaki ta jingine shi a bayan gado. Tsofaffin yanzu benci suke fitarwa da la'asar su jera a filin ajiye mota, in mai shago ya zo da kaya su tashi su matsa.

Watan jiya aka ɗaura auren ƙanwata, wadda ta kira ni ranar jan fenti. Rumfar haya muka kafa a cikin mita shidan, liman ya zauna daidai inda buzun Baba yake a da. Baffa ya zo daga Kano, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Motarsa ta iso tun kafin gari ya waye sosai, mai keke ya sauke shi a bakin layi, ya tako da jakarsa har ƙofar gidan da aka haife shi. Ya tarar da get na ƙarfe a rufe. Mai shayin tsallaken titi ya ce sau uku ya ji tsohon ya yi sallama, yana jira tsakanin kowace, mu kuwa muna sama ba wanda ya ji. Sai wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi.

"Kai, ga ni a ƙofar gida. Ta ina ake shiga?"